Kwana tara a Sifaniya: ta ina mai neman kufan Andalus zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Larabci ne a wata makarantar sakandare a Katsina. A watan Afrilu zan halarci wani taro a Madrid, babban birnin Sifaniya, kuma bayan an tashi daga taron zan sami kwana tara kafin ranar dawowata. Tun ina almajiri nake jin sunan Andalus, saboda haka ina son in ga abin da ya rage nata da idona. Ta ina zan fara? Fadar Alhamra kaɗai ta isa? Ana barin mutum ya yi salla a masallacin Ƙurɗuba? Sannan abokan tafiyata suna ta maganar gidajen zane-zane na Madrid, shin akwai abin da mutum irina zai ƙaru da shi a can?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Na daɗe ina koyar da tarihin gine-gine da kayan tarihi, kuma na taka waɗannan garuruwa fiye da sau ɗaya, wani zuwan ni kaɗai, wani zuwan tare da ɗalibai, saboda haka zan gaya maka abin da zan yi da a ce ni ne ke da waɗannan kwanaki tara.

Kafin komai akwai abu guda da ba ya jiran gobe, shi ne tikitin shiga Alhamra, fadar da ke garin Garnaɗa. Adadin mutanen da ake bari su shiga fadojin sarakunan Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, a kowace rana ƙayyadajje ne, kuma a watannin Afrilu da Mayu tikitin yakan ƙare tun saura makonni. Ka saya ta intanet daga shafin hukumar da ke kula da fadar ita kanta, domin akwai 'yan tsakiya masu shafuka kama da na hukumar waɗanda ke ninka farashi. Tikitin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, dole kuma ka riƙe fasfon a hannu ranar shiga. A jikinsa an rubuta lokacin shiga fadojin, kuma wannan lokaci ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa: na taɓa ganin wani magidanci da iyalinsa, sun taso daga ƙasa mai nisa, sun iso bayan lokacinsu ya wuce domin sun tsaya ɗaukar hoto a lambu, suka koma ba su ga ɗaki ko ɗaya ba. Ranar da ka samu a tikitin nan, a kanta za ka gina sauran tafiyar. Ka kuma duba ko kwanakinka sun faɗa a makon Ista, domin a wannan mako garuruwan kudu, musamman Ishbiliya, sukan cika maƙil da jerin gwanon coci, a rufe tituna, kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabi.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe a zuciyarka. Kana da wani mabuɗi da mafi yawan masu yawon buɗe ido ba su da shi, wato kana iya karanta bango. Miliyoyin mutane suna wucewa ta gaban rubutun Larabcin da ke jikin waɗannan gine-gine suna ɗaukarsa ado ne kawai, kai kuwa za ka tsaya ka ji abin da yake faɗa. Ban da haka, Andalus ta daɗe a zaurukan karatunmu ko da ba mu cika lura ba. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi haifaffen Ƙurɗuba ne. Alƙali Iyal mai Ashafa ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Ibn Malik mai Alfiyyar nahawu, wadda na tabbata ka sha haddarta, an haife shi a Jayyan, garin da yau ake kira Hayen a rubuta shi Jaén. Tuhfar da alƙalanmu suka daɗe suna dogaro da ita ta Ibn Asim ce, alƙalin Garnaɗa, Muwaɗɗa kuma ruwayar da ta fi yaɗuwa a hannunmu ta Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. Garuruwan malamanka za ka ziyarta ke nan. Don haka amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a, Alhamra kaɗai ba ta isa ba. Ita ce babin ƙarshe na labarin mulkin Musulmi a ƙasar, wanda ya ɗauki kusan shekara 800, daga 711 zuwa 1492, kuma wanda ya fara karatu daga babin ƙarshe zai ga kyau, amma ba zai gane abin da ya kai ga haka ba. Shawarata ita ce ka bi garuruwan bisa jerin zamaninsu, Ƙurɗuba, sannan Ishbiliya, sannan Garnaɗa, kuma an yi sa'a haka layin dogo ma ya jera su.

Ka ba Madrid ranar farko, ka tafi Babban Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1867. Mutane da yawa suna tsallake shi suna rububin gidajen zane-zane, ni kuwa a ganina shi ne ƙofar shiga tafiyar gaba ɗaya, domin a nan za ka ga waɗanda suka riga Musulmi zama a ƙasar, Rumawa da kuma Gotawa, Kiristocin da suka yi mulki bayansu, da kambunan zinariyarsu da aka tono a Guwarrasar, sai ka fahimci cewa Larabawa da Barbar ba a fili suka sauka ba. A sashen Andalus ka nemi wani ɗan akwati na hauren giwa mai murfi kamar ƙubba, wanda ake kira akwatin Samora, tsayinsa bai kai taƙi guda ba. An sassaƙe jikinsa kaf da ganyaye da ɗawisu da barewa, babu wurin da ɗan yatsa zai sauka bai taɓa aiki ba. A gindin murfin akwai layi ɗaya na rubutun Kufi, ka sunkuya ka karanta shi a hankali: albarka ce ake roƙa wa halifa Alhakam Almustansir Billah, tare da bayanin cewa an yi shi ne domin mahaifiyar ɗansa Abdurrahman, a shekara ta 353 bayan Hijira, wato 964. Na taɓa tsayuwa a gabansa kusan rabin sa'a ina zagayawa, abin da ya riƙe ni kuwa shi ne tunanin cewa hauren nan daga Afirka ya fito. Haka ma dinarorin Murabiɗai, daular Barbar da ta mulki Maroko da Andalus, da za ka gani a sashen kuɗi, da zinariyar Afirka ta Yamma aka buga su, wadda ayarin raƙuma ya ƙetaro da ita Sahara, har sunan daular ya zama sunan wani kuɗin Sifaniya, marabedi, da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kashewa. Da yamma ka leƙa gefen babban cocin Almudena ka ga guntun ganuwar ƙarni na 9, domin ita kanta Madrid sansani ce da sarkin Ƙurɗuba Muhammadu na Ɗaya ya kafa, ana ce mata Majriɗ.

Toledo, wato Ɗulaiɗila, tafiyar kusan rabin sa'a ce a jirgin ƙasa, ana zuwa a dawo a yini guda. Akwai ɗan ƙaramin masallaci na shekarar 999 wanda aka mai da shi coci, da wuraren ibadar Yahudawa biyu, garin kuma a nan aka yi ta fassara littattafan Larabci zuwa Latin bayan sarkin Kirista Alfonso na Shida ya ci shi a 1085. Yana da kyau ƙwarai, amma idan ka ga kwanakin sun matse, shi za ka fara sadaukarwa.

Daga tashar Atoca ta Madrid jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa biyu. Ka kwana biyu a can, kada ka yarda da tsarin masu zuwa da hantsi su tafi da la'asar.

Abdurrahman na Ɗaya, Ba'umayyen da ya tsira daga takobin Abbasawa ya gudo yamma, shi ya aza harsashin masallacin a wajajen 785, magadansa kuma suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa zamanin Almansur a ƙarshen ƙarni na 10. Za ka shiga ta tsakar gida mai itatuwan lemo, inda a dā ake alwala, ka bar hasken rana ka faɗa cikin duhu mai sanyi, sai idonka ya ɗan huta kafin ginshiƙan su fara bayyana, sama da 850, sahu bayan sahu. Ka ɗaga kai ka lura da dabarar maginan. Ginshiƙan farko daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da Gotawa aka kwaso su, gajeru ne, da an ɗora rufi a kansu kai tsaye da ɗakin ya danne mutum. Sai suka ɗora baka a kan baka, hawa biyu, na ƙasa yana riƙe ginshiƙai kada su buɗe, na sama yana ɗaukar rufi, suka jera jan bulo da farin dutse bi da bi. Wannan ja da fari da ake gani a kowane hoto asalinsa maganin matsalar gini ne. Daga nan ka nufi ɓangaren da Alhakam na Biyu, halifan da ka karanta sunansa a akwatin Samora, ya ƙara daga 961, inda mihrabi yake. Adon gilashi da zinariya da ke kewaye da shi gwanaye ne daga Rum ta Gabas, ƙasar Kirista, suka zo suka yi bisa roƙon halifa, kuma rubutun Kufi na zinariya a kan shuɗi ayoyin Alƙur'ani ne tare da sunan halifan. Ƙubbar da ke gaban mihrabin ka dube ta da kyau, domin bakuna ne suka gicciye juna suka ɗauke ta ba tare da sun haɗu a tsakiya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizo a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu, idonsa zai gane wannan tunani nan take, duk da cewa ɗaya dutse ne ɗaya ƙasa da azara, kuma kowane magini da hanyar da ya bi ya isa ga tasa.

Game da salla, amsar ita ce ba a bari. Tun 1236 da Fardinan na Uku, sarkin masarautar Kirista ta Kastila, ya ci garin ginin ya zama babban cocin Katolika, har yau kuma coci ne mai aiki, ana ibada a ciki kullum. A 1523 aka fara gina wani ƙaton coci a tsakiyar ginshiƙan, za ka ci karo da shi kana cikin tafiya ba zato. Masu gadi suna lura sosai, duk wanda ya tayar da kabbara ko ya kai goshi ƙasa za su tsayar da shi. Na san abin yana da ciwo, ni ma na ji shi a ƙirjina zuwana na farko, amma ina roƙonka kada ka gwada. Baƙo ne kai mai biza, rigima da masu gadi ba za ta sauya dokar ba, sai dai ta ɓata maka ranar da ka daɗe kana jira. Akwai ƙananan masallatai a cikin garin inda Musulmin yau ke salla, kai kuma matafiyi ne mai sauƙin ƙasaru. Gaskiya guda da ya kamata a faɗa ita ce mai da shi coci da aka yi shi ne ya sa ginin ya tsaya har yau ana gyara shi, alhali mafi yawan masallatan Andalus an rushe su. Idan ka sami dama ka shiga da sassafe, lokacin da aka buɗe ƙofa kafin ayarin masu jagora su iso, domin shiru na daga cikin abin da aka gina wurin dominsa.

Rana ta biyu ka fita zuwa Madinatuz Zahra, kimanin kilomita 8 yamma da gari. Abdurrahman na Uku, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, shi ya fara gina ta a wajajen 936 a matsayin sabon birnin mulki a gindin dutse, hawa-hawa, fada a sama, lambuna a tsakiya, gari a ƙasa. Za ka fara da gidan tarihin da ke ƙasa, sannan bas ta hau da kai kufan. Tun 1911 ake haƙa, har yanzu abin da aka tono ɗan kaɗan ne daga cikin birnin, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya. Abin da nake so ka yi tunani a kai kana tsaye a can shi ne wannan birni bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi aka ƙona, tsakanin 1010 da 1013, kuma ba rundunar Kirista ce ta yi ba. Fitina ce ta ɓarke tsakanin Musulmin kansu kan gadon mulki, halifancin ya wargaje ya koma ƙananan masarautu masu yaƙar juna, kowace tana neman taimakon maƙwabcin arewa a kan 'yar'uwarta. Yawancinmu mun taso da labarin Andalus a matsayin aljannar da aka ƙwace mana. An yi zalunci, babu shakka, za mu zo kansa, amma malami kamarka da zai koma ya tsaya gaban ɗalibai ya kamata ya dawo da labarin gaba ɗayansa, kuma kufan Zahra ne suka fi kowane littafi iya faɗin wannan ɓangaren.

Ishbiliya, wadda masu ita ke kira Sebiya, tafiyar kusan minti 45 ce daga Ƙurɗuba, kuma yini ɗaya da kwana ɗaya za su wadatar. Hasumiyar Hiralda Muwahhidai, daular da ta biyo bayan Murabiɗai, su ne suka gina ta tsakanin 1184 da 1198, 'yar'uwar hasumiyar Kutubiyya ta Marrakesh da ta Hassan a Rabat, daga baya aka ɗora mata gidan ƙararrawa a kai. Ba matakala ake bi ba, gangara ce mai zagayawa har kusa da ƙoli, saboda haka ko mai ciwon gwiwa yana iya hawa a hankali. Masallacin da take yi wa hidima an rushe shi an gina babban coci a gurbinsa, inda kabarin Kolumbus yake. Daura da nan akwai fadar Alkasar, kuma a nan karatunka zai yi maka rana. Sarki Pedro, Kirista, shi ya gina babban sashenta a wajajen 1364, amma magina Musulmi ya ɗauka, wasu daga Garnaɗa, sai ga bango cike da Larabci ana yi wa "Sulɗan Don Pedro" addu'ar ɗaukaka. Masu jagora kan nuna wa baƙi wurin su ce fadar Larabawa ce, kai kuwa bangon zai gaya maka mai ita.

Tunda mun zo tsakiyar tafiya, bari in tsakuro maka wasu ƙananan abubuwa masu iya ɓata shiri. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, ciki har da na kayan tarihi a Madrid da Madinatuz Zahra, shi kuwa gidan zane-zane na Reina Sofía a Madrid Talata yake hutu, don haka ka duba kowane wuri kafin ka tsara rana. Mutanen ƙasar ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuma sai tara ta yi. Naman alade ya ratsa girkinsu, ka haddace kalmomin nan uku, cerdo, wato alade, jamón, wato busasshen naman cinyarsa, da manteca, ta ƙarshen kitsen alade ce da ake sawa har a wasu kayan zaƙi. Kifi da ƙwai da kayan lambu suna ko'ina, a Garnaɗa da Madrid kuma gidajen abincin halal ba sa wuyar samu. Ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, domin tsofaffin unguwannin duk daɓen duwatsu ne, kuma ka sa fasfo da kuɗi a aljihun gaba a wuraren cunkoso.

Sai Garnaɗa, wadda nake so ka ba ta kwana uku idan da hali. Muhammadu ɗan Al'ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasr, ya shigo garin a 1238 ya fara gina Alhamra a kan tudu, abu na farko da ya yi kuwa shi ne janyo ruwa daga kogin Darro ta magudana mai tafiyar kilomita kusan 6, domin tudun ba shi da ruwa. Duk ƙarar ruwan da za ka yi ta ji a lambuna da tsakar gidaje daga wannan aiki ta samo asali, gangara kawai ke tura shi. Shi wannan sarki, ka sani, haraji yake biya wa Kastila, har dakarunsa sun taya Fardinan na Uku cin Ishbiliya a 1248. Da irin wannan lallami daular ta rayu shekara 250, kuma ina ganin wanda ya san haka zai karanta takenta da wata fahimta daban, domin "Wa la galiba illallah" za ka gan shi ɗaruruwan sau, a bango, a kan ginshiƙi, a tayil, a bakin taga.

A cikin fadojin kada ka bi guguwar jama'a. Ka tsaya a Zauren Jakadu, cikin hasumiyar Komares ta zamanin Yusufu na Ɗaya, ka jingina a gefe ka ɗaga kai. Rufin katako ne, guntaye sama da 8,000 aka harhaɗa, taurari hawa bakwai suna tafiya sama zuwa wata 'yar ƙubba a tsakiya. A ƙasan rufin an zagaye ɗakin da Suratul Mulk, kuma da ka kai ga "allazi khalaƙa sab'a samawatin ɗibaƙa" za ka gane cewa rufin tafsirin ayar ne da katako, sarki kuma a ƙarƙashinsa yake zama yana karɓar baƙi. Daga nan ka wuce Tsakar Gidan Zakuna na Muhammadu na Biyar, mai ginshiƙai 124 sirara da zakuna 12 na marmara ɗauke da kwarmin ruwa, wanda aka zana baitocin waziri Ibn Zamrak a bakinsa. A ɗakin da ake kira na 'Yan'uwa Mata Biyu ƙasidarsa ta zagaye bango, kuma ginin ne da kansa yake magana: "Anar raudu ƙad asbahtu bil husni haliya", wato ni ne lambu, na wayi gari da adon kyau. Na taɓa karanta wannan baiti a fili ga ɗalibaina, sai wata tsohuwa Baturiya da ke kusa ta matso ta tambaya ko da gaske rubutun yana da ma'ana, domin ta zo wurin sau uku ba wanda ya gaya mata. Ka tuna kuma cewa bangon da kake gani fari a yau a dā fentin ja da shuɗi da ruwan zinariya ne a kansa, saura na nan a lunguna idan ka ƙura ido, kuma wani ɓangare na abin da ke tsaye gyaran ƙarni na 19 da na 20 ne, bayan dogon sakaci da ɓarnar sojojin Napoleon a 1812. Kafin ka fita ka shiga gidan tarihin da ke ƙasan fadar Sarki Carlos na Biyar, a cikin harabar. Duk inda ka ga shafin rubutun hannu na Andalus a tafiyar nan ka duba fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na allonmu na Warshu.

A ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi, sarkin ƙarshe, ya miƙa garin ga sarakunan Kirista, Fardinan na Aragon da matarsa Isabela ta Kastila, bisa yarjejeniyar cewa za a bar Musulmi da addininsu. Ba a yi shekara goma ba aka karya ta, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin Bib Rambla, wanda yau wurin shan shayi da hutawa ne, aka tilasta wa mutane shiga Kiristanci, daga ƙarshe tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu, kimanin mutum 300,000. A tsakanin nan sun riƙa rubuta harshen Sifaniyanci da haruffan Larabci a ɓoye, rubutun da ake kira alhamiyado, daga kalmar ajamiyya, tushe guda da Ajaminmu. Cikin yaran da iyayensu suka yi hijira zuwa Fas a shekarun farko bayan faɗuwar Garnaɗa akwai Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, shi ne wanda littafinsa da aka buga a 1550 ya ambaci Kano da Zazzau da Gobir da Zamfara da garinku Katsina. Ka ziyarci makarantar da Yusufu na Ɗaya ya kafa a 1349, kusa da kabarin Fardinan da Isabela, ɗakin sallarta na nan da adonsa. Da yamma ka hau unguwar Albaisin zuwa masallacin da aka buɗe a 2003. Lambunsa yana fuskantar Alhamra, duwatsun Siyera Nebada masu ƙanƙara a bayanta, kuma a nan za ka yi magariba cikin jam'i.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Daga Garnaɗa zuwa Madrid kusan awa uku da rabi ne a jirgin ƙasa, ka dawo da kwana guda a hannu, ka ba gidajen zane-zane wannan rana. E, akwai abin da za ka ƙaru da shi, amma gara ka san abin da za ka tarar. Gidan Prado, wanda aka buɗe a 1819, taskar sarakunan Sifaniya ce da cocinsu, saboda haka cike yake da hotunan da Kirista ke yi na Annabi Isa da mahaifiyarsa, da kuma zane-zanen tsiraici daga tatsuniyoyin Girkawa. Hukuncin kallon wannan kai ka fi ni sani, abin da zan iya gaya maka shi ne ana ba da taswirar ɗakuna a ƙofa, mutum yana iya zaɓar inda zai je ya wuce sauran. Awa biyu sun isa, domin bayan haka ido yakan gaji ya daina gani. Ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma awa biyun ƙarshe na kowace rana kyauta ne, sai dai layin yakan yi tsawo. Ka nemi zanen Goya na 1814 da ke nuna sojojin Faransa suna harbe mutanen Madrid da dare a ranar 3 ga Mayu 1808, mutum ɗaya da farar riga ya ɗaga hannuwa, masu harbin kuma ba a ga fuskar ko ɗayansu ba. Idan ƙarfinka bai ƙare ba, gidan Reina Sofía tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, a can zanen Gernika na Picasso yake, faɗinsa ya kusa mita 8, baƙi da fari da toka kawai, wanda ya yi bayan jiragen yaƙin Jamus da Italiya sun yi luguden bama-bamai a kan ƙaramin garin Gernika ranar kasuwa, 26 ga Afrilu 1937. Duk wanda ya taɓa ganin uwa riƙe da gawar ɗanta ba ya bukatar mai fassara a gaban wannan zane.

A Prado kowa zai ja ka zuwa ga babban zanen Belaskes na 1656, na 'yar sarki da kuyanginta, kuma ya cancanci a tsaya masa. Amma bayan ka gama, ka tambayi ma'aikata ɗakin da aka rataye aikin Huwan de Pareha. Bawa ne mai jinin Afirka, ya yi shekaru yana niƙa wa Belaskes launi yana shirya masa kayan aiki, har ubangidan ya sa hannu a takardar 'yanta shi a birnin Rum a 1650. Bayan ya sami kansa ya zama mai zane da sunansa, kuma a wani babban zane da ya gama a 1661 ya sa kansa a can gefen hagu, sanye da tufafin mutanen kirki na zamanin, yana kallon mai kallo ido cikin ido, a hannunsa kuma akwai 'yar takarda da ya rubuta sunansa a kai.